Yadda Za Ka Gwada Kyamarar Fim 120 a Hannunka Kafin Ka Biya Kuɗi

Masu neman shiga harkar fim 120 kusan duk da tambaya ɗaya suke fara zuwar mini: wace kyamara ce ta fi kaifin gilashi? Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba, domin cewa nake su ajiye wannan maganar tukuna. Gilashin da ke kan Hasselblad da Rolleiflex, da na Mamiya, da na Pentax, da na Fuji, duk sun fi ƙarfin abin da yawancinmu za mu nema a wurinsu. Hoto ɗaya na 6x6, wato santimita shida tsawo da shida faɗi, ya ninka na ƙaramin fim mai milimita 35 sau uku da rabi, don haka ko gilashi mai matsakaicin kyau zai ba ka abin da za ka buga da girma bai fashe ba. Abin da ya raba waɗannan kyamarori, wanda kuma zai sa ka riƙa fita da taka ko ka bar ta a kwaba tana shan ƙura, shi ne yadda take zama a hannu, da inda aka dasa mata abubuwan saita haske, da jerin matakan da take tilasta maka ka bi kafin ta yarda ta ɗauka.

Fim ɗin kansa tsoho ne. Kodak ta fito da shi tun 1901, kuma har yau fasalinsa bai canja ba: ba shi da gwangwani, a naɗe yake a kwarkwaro, da takarda a bayansa mai tare haske. Naɗi ɗaya zai ba ka hoto 15 ko 16 a kyamarar 6x4.5, 12 a 6x6, 10 a 6x7, 8 kacal a 6x9. Wanda ya saba da waya, inda ake danna ɗari a zaɓi ɗaya, ya riƙe waɗannan alƙaluma da kyau. Idan ka murɗa zobe ba daidai ba a 6x9, kashi ɗaya cikin takwas na kuɗin fim da na wanki ya tafi ke nan.

Lissafin haske iri ɗaya ne a kowace

Da zarar ka sa fim, saurinsa, wato ƙarfin jin haskensa, ya zauna, ba ka da ta cewa sai ya ƙare. Abu biyu ne suka rage a hannunka: ƙofar haske da ke cikin gilashi, mai lambobi irin f/2.8, f/4, f/5.6 har zuwa f/22, da kuma shota, wadda ke buɗewa ta rufe cikin ɗan lokacin da ka yanka mata. Kowane mataki a ɗayansu yana ninka haske ko ya raba shi biyu. Daga f/8 zuwa f/11 ka rage rabi. A shota, daga 1/250 zuwa 1/125 na daƙiƙa ka mayar da abin da ka rage. Da rana tsaka, sama garau, da fim mai saurin 100, 1/125 da f/16 ya isa. Haske ɗaya ne da 1/250 da f/11, ko 1/500 da f/8. In ka shigar da mutum inuwar bango, buɗe mataki uku, wato 1/125 da f/5.6, ƙarƙashin bishiya mai duhun ganye kuma ka ƙara ɗaya.

Kafin ka taɓa kowace kyamara, tambayi inda shotarta take, domin rabin halinta daga nan yake fitowa. A Rolleiflex, Yashica, Hasselblad 500, Mamiya RB67, Bronica samfurin ETR da SQ, da Fuji, a cikin gilashi take, 'yan siraran ƙarafa ne masu buɗewa daga tsakiya. Ba ta girgiza kyamara, kuma tana tafiya da filashi a kowane sauri. Iyakarta dai 1/500, a RB67 ma 1/400. A Pentax 6x7 da Mamiya 645 kuwa labule ne a jikin kyamara, dab da fim. Pentax tana kai 1/1000, amma filashi ba ya tafiya da ita sama da 1/30, Mamiya 645 kuma 1/60.

Ga inda wannan zai taɓa ka a irin ranarmu. Ka sa fim mai saurin 400, Portra 400 ko HP5, ka fita da azahar da kyamarar da iyakarta 1/500: an ɗaure ka a f/16. Bayan hoton da kake so ya narke ba zai narke ba. Sai dai ka koma fim mai ƙarancin sauri, Ektar 100, FP4 mai 125 ko Portra 160, ko ka ɗaura baƙin gilashin rage haske. In kuwa aikinka ɗaukar mutane ne a rana da filashi, don cike inuwar da hula ko ɗankwali ke jefawa a fuska, shotar cikin gilashi ce taka. Pentax a 1/30 cikin rana da fim 100 tana bukatar f/32, alhali shahararren gilashinta mai milimita 105 a f/22 ya tsaya.

Mai ido biyu

Da kyamara mai gilashi biyu, ɗaya a saman ɗaya, zan fara, domin a ganina babu wadda ta kama ƙafarta wajen tsarin saita haske. Kamfanin Franke & Heidecke na garin Braunschweig a Jamus ya fito da Rolleiflex a 1929, saura duk bin sawu suka yi. Idon sama na leƙe ne, na ƙasa na ɗauka. Rataya ta a wuya, ka tallafe ta a gaban cikinka, ka duba ta sama. Hannun hagu yana kan abin murɗa fokas, na dama yana kusa da hannun naɗi. Tsakanin idanun biyu akwai 'yan tayoyi biyu, ɗaya ta shota ɗaya ta ƙofa, daidai inda manyan yatsunka suke sauka da kansu. Lambobin kuma suna fitowa a wata 'yar taga a saman idon leƙe, tana kallon sama. Wato da kallo ɗaya kana ganin hoton, kana ganin saitinka, ba ka juya kyamara ba, ba ka ɗaga kai ba. Gajimare ya rufe rana, babban yatsa ya ture mataki biyu, shi ke nan.

Madubinta ba ya motsi, saboda haka hoton ba ya ɓacewa lokacin da ka danna. In mutum ya ƙifta ido kana gani, sai ka sake nan take. Ja igiyar wuyan ƙasa ta yi tsam, ka haɗa gwiwar hannu da haƙarƙari, ka saki numfashi, za ka iya ɗauka a 1/30 hoto bai motsa ba. Akwai kuma abin da takardar bayani ba ta faɗa: fuskarka a fili take, ba a ɓoye bayan ƙarfe ba, kana iya ɗagowa ka yi wa mutum magana ido da ido, yatsanka na kan maɓalli. Shahararrun masu ɗaukar hoto Malick Sidibé a Bamako ta Mali da Sanlé Sory a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso duk sun yi aiki da Rolleiflex, kuma ina ganin sakin jikin da ke cikin hotunansu yana da nasaba da wannan.

Aibinta a bayyane yake. Hoton da ke kan gilashin leƙe a juye yake, dama ta koma hagu. Mutum ya yi dama, hannunka ya bi shi hagu. Sai a hankali jiki yake sabawa, kuma bin yaro mai gudu ko doki da ita wahala ce. Kusancinta bai wuce wajen mita ɗaya ba, kuma a nan idon sama yana ganin abin da na ƙasa bai gani daidai ba, don haka bar ɗan fili a saman kai. Cikin rana gilashin leƙen yana dushewa: ɗaga 'yar tabarau da ke cikin murfi, ka kafa idonka a kanta, ka saita fokas, sannan ka sauke ta ka daidaita tsarin hoto. Wajen sa fim kuma, Rolleiflex tun daga samfurin Automat na 1937 tana da wasu 'yan sanduna masu jin kaurin fim; dole takardar ta bi ta ƙarƙashin ta farkon. In ka tsallake, za ka yi ta naɗi har fim ya ƙare lamba ba ta tsaya a 1 ba.

Yashica Mat-124G, wadda aka yi daga 1970 zuwa 1986, tsarin tayoyin nan ta kwafa sak, kuɗinta kuma bai kai ko kusa ba. A ita kibiyar da ke kan takarda ake daidaitawa da alama kafin a rufe baya. Tana da mitar auna haske, amma batirin da aka yi ta dominsa mai sinadarin makuri ne, bolt 1.35, an daina yin sa. In ka sa na yanzu mai 1.5 allurar za ta riƙa yi maka ƙarya. Batirin na'urar kunne mai lamba 675 ya fi kusa. Mamiya C330 kuwa, ta 1969, ana canja mata gilashi kuma tana matsowa kusa sosai, amma ta fi nauyi nesa ba kusa ba, lambobinta kuma a gefen gilashi suke, sai ka karkatar da ita ka karanta. Ta samu abu, ta rasa abin da ya sa nake son mai ido biyu.

Hasselblad: mai doka

500C ta fito daga Gothenburg ta ƙasar Suwidin a 1957, 500C/M ta biyo baya a 1970. Gunduwa-gunduwa ce: jiki daban, gilashi daban, gidan fim daban, abin leƙe daban. Duka da gilashi 80 wajen kilo ɗaya da rabi. A tafin hannun hagu ake zaunar da ita, yatsan nuni na hagu a kan maɓalli, hannun dama yana fokas yana naɗi. Wanda ya saba danna da dama sai ya yi kwanaki yana lalube.

Saitin haske duk a kan gilashi yake, zobe biyu a jere, kuma a nan dabarar take. A gefe akwai wasu jajayen lambobi masu haɗa shota da ƙofa su zama lamba ɗaya. Rana tsaka da fim 100 lamba 15 ce, inuwa wajen 12. A tsofaffin gilasai samfurin C, zoben biyu a sarƙe suke: ka janye ɗan harshe, ka sa 15, ka saki. Daga nan duk inda ka murɗa, 1/125 da f/16, 1/250 da f/11, 1/500 da f/8, haske bai canja ba, zaɓi kawai kake tsakanin tsayar da motsi da zurfin fokas. A samfurin CF na shekarun 1980 an juya abin: a rabe suke sai ka danna maɓalli su haɗu. Mutane da yawa suna ƙorafi da sarƙewar C. Ni kam in haske a tsaye yake, wuri ɗaya, mutane suna shigowa suna fita, na fi son ta. Inda take gajiyar da mutum shi ne ranar da gajimare ke wasa da rana, kowane hoto sai ka janye harshen nan da farce.

Dokokinta ka haddace su kafin ka sa fim. Akwai faifan ƙarfe tsakanin jiki da gidan fim: yana ciki ba za ta ɗauka ba, yana waje gidan fim ba zai ciru ba. Ka ware masa aljihu ɗaya, domin in ya lanƙwashe zai yaga abin tare hasken da ke bakin raminsa. Kada ka cire gilashi ko ka mayar sai jiki da gilashi duka a ɗane suke. A bayan gilashin akwai 'yar sanda mai tsaga, tsagar ta kalli jan ɗigo, in ba ta kalla ba murɗa ta da tsabar kuɗi. Saɓa wannan ne ke sa kyamarar ta cije. A saurin da ya yi ƙasa, 1/4 zuwa daƙiƙa ɗaya, riƙe maɓalli a danne har shota ta gama, don akwai wasu ƙyamare a bayan jiki da ke rufewa da zarar ka ɗaga yatsa, su datse hoton. Bayan ɗauka kuma madubi ba ya dawowa, leƙe ya yi baƙi ƙirin sai ka naɗa.

Ladan wannan wahala shi ne gidan fim biyu: mai launi a ɗaya, baƙi da fari a ɗaya, ko 100 na waje da 400 na cikin zaure. Matsalar f/16 da na ambata ta warware ke nan.

RB67

Mamiya ta fito da ita a 1970, Pro-S a 1974, Pro-SD a 1990. Da gilashi da gidan fim ta haura kilo biyu da rabi. Rataya ta a wuya kamar rataya tubali ne, kada kowa ya ruɗe ka cewa ta yawo ce. A kan ƙafa-uku take nuna kanta. Ba ta cin batir ko kaɗan. Gidan fim ɗinta yana juyawa, don haka hoton tsaye ko na kwance ba sai ka kifar da kyamara ba, bayan kawai za ka murɗa. Duba shi kafin kowane hoto. A Pro-S akwai jajayen layuka a cikin leƙe masu nuna maka yadda yake.

Naɗinta aiki biyu ne. Babbar liba a gefen dama tana ɗana shota ta sauke madubi, wata kuma a kan gidan fim tana tura fim. Samfurin farko ba shi da abin da zai hana ka ɗora hoto a kan hoto, Pro-S ce ta zo da shi. Ka ɗora wa kanka ƙa'ida ɗaya kada ka saɓa: danna, tura fim, ɗana, nan take, kafin ka yi wa kowa magana.

Abin da ya shafi haske kai tsaye shi ne zugazuginta. Fokas ba a kan gilashi yake ba, gaban kyamarar ne ke fita a kan layi. Iyakar fitarsa, iyakar raguwar hasken da ke isa ga fim, mitar hannunka kuwa ba ta san da wannan ba. A gefen dama akwai allon da ke nuna inda za ka ƙara rabin mataki da inda za ka ƙara ɗaya. Da gilashi 90, zugazugi a buɗe gaba ɗaya, wajen mataki ɗaya ne. Mai ɗaukar zanen lalle a hannu ko aikin zare a wuyan riga ya duba allon nan, in ba haka ba hotunansa na kusa za su riƙa fitowa da duhu yana zargin mai wanki. Wajen barin shota a buɗe na dogon lokaci kuma, ba ta da B, wadda ke rufewa da ka ɗaga yatsa, T gare ta: ka danna shota ta buɗe ta zauna, sai ka murɗa zoben zuwa daƙiƙa ɗaya ta rufe. Tare gaban gilashi da hula kafin ka taɓa zoben. RZ67 ta 1982 ta haɗa naɗin ya zama ɗaya, amma da batir take aiki.

Pentax 6x7 da sauran na ido

Wannan ita ce mai yaudara. Ta fito a 1969 da siffar ƙaramar kyamarar 35 da aka kumbura, sai mutum ya ɗauka ya san ta: ido a leƙe, hoto ba a juye ba, liba a dama, ƙofa a kan gilashi, tayar shota a sama ta hagu, gidan fim babu. Gaskiya ne ta fi kowace sauƙin koyo, kuma gilashinta 105 f/2.4 yana yin abin da ke sa mutane su sayar da wasu kaya su saye shi. Amma fiye da kilo biyu ne a gaban fuska, ba a jikin ciki ba, kuma madubi da labulen manya ne. Daga 1/125 zuwa sama ba damuwa. Ƙasa da 1/60 girgizarta tana shiga hoto. Nemi wadda aka yi daga 1976, mai abin ɗage madubi kafin a danna, ka kuma ba ta ƙafa-uku mai nauyi. Sandar katakon da ake ɗaura mata a hagu ta ɗauka ce kawai. Lokacin ɗaukar hoto hannun hagu a ƙarƙashin gilashi ya kamata ya kasance.

Ba batir, ba hoto, ko ɗaya. Ajiye na ko-ta-kwana mai bolt 6 a jaka. In tana da kan leƙe mai mita, akwai wata siririyar sarƙa da ke gaya wa mitar ƙofar da ka zaɓa. Duk lokacin da ka cire kan, cire gilashi, mayar da kan, sannan ka mayar da gilashi. Wanda ya juya jerin nan yana iya tsinka sarƙar. Kada kuma ka tsorata in ta ƙi dannuwa babu fim a ciki, haka aka yi ta.

Fuji GW690 ba ta da madubi, ba ta da mita, ba ta da batir, gilashi ɗaya ne 90 f/3.5 a manne. Zoben shota da na ƙofa suna gaba, kusa da juna ƙwarai, a samfuran baya ma sai ka jawo hular gilashi kafin ka gan su. Fokas ta hanyar haɗa hoto biyu su zama ɗaya ne a tsakiyar leƙe. Don tafiya da ɗaukar fili, ganuwa ko kasuwa daga nesa, tana da daɗi. Tun da ba ta cikin gilashi kake leƙe ba, za ta bar ka ka ɗauki fim guda da murfi a rufe ba ta ce uffan ba.

Masu 6x4.5 su ne masu sauƙin kuɗi da yawan hoto. Mamiya M645 ta 1975 tana da taya ta gaske, Pentax 645 ta 1984 kuwa maɓallan sama da ƙasa ne, ka yi ta dannawa kana ƙirga. Mai son saita da hannu ba zai ji daɗinta ba. Kuma kowace ka saya, nemi kan leƙe na ido, domin hoton tsaye ta leƙen sama azaba ce.

A gaban mai sayarwa

Kada ka tsaya kallon fenti. Karɓi kyamarar, ka riƙe ta yadda za ka ɗauki hoto, ka zaɓi wani abu mai nisan mita biyu ka saita fokas a kansa. Ba tare da ka sauke ta ba, koma daga 1/125 da f/8 zuwa 1/500 da f/4. Lura: sai da ka ɗauke ido? Sai da ka saki hannun da ke tallafe? Fokas ya goce? A gilashi 80, f/2.8, nisan mita ɗaya da rabi, abin da ke fita ras bai wuce santimita 10 ba, don haka 'yar rausayawar da ka yi wajen karanta lamba ta isa ta mayar da fokas daga ido zuwa kunne. Sannan riƙe ta a haka na tsawon gaisuwa mai kyau, ka ji abin da damtsenka zai faɗa. In kana sa tabarau, duba ko kana ganin kusurwa huɗu na leƙen.

Sa ta a daƙiƙa ɗaya ka danna kana saurare. Ƙarar ta tafi sumul. In tana tsayawa tana ci gaba, man ciki ya daskare. Buɗe baya ka kalli haske ta cikin gilashi a kowane sauri. Haska tocilar waya cikin zugazugi a wuri mai duhu, ka nemi huda a lungunan naɗi. Taɓa soson da ke bakin murfi: zafi yana mayar da shi danƙo, kuma ta nan haske ke satar shiga. Wani abu da ke rikita sababbi: tsofaffin shotocin Compur na kyamarori masu naɗewa ana sa 1/500 ne kafin a ɗana, Kiev 88 kuwa akasin haka, sai an ɗana ake canja sauri, in ba haka ba ta lalace. Kada ka murɗa komai da ƙarfi sai ka san dokar wadda ke hannunka.

Mita, da naɗin gwaji

Ban cika dogara da mitar da ke jikin kyamarar da ta shekara hamsin ba. Ƙaramar mitar hannu mai farin ƙoƙo, irin Sekonic L-308, ita ce maganin babbar matsalarmu: baƙar fuska cikin farar babbar riga. Mitar da ke auna abin da ya dawo daga jiki za ta ga farin yadi ta ce a rage, fuska ta nutse. Mai ƙoƙo kuwa hasken da ke sauka take aunawa: je wurin mutumin, riƙe ta a ƙarƙashin haɓarsa, ƙoƙon yana kallon kyamara. In manhajar waya kawai gare ka, auna tafin hannunka a cikin hasken da yake tsaye, ka buɗe mataki ɗaya a kan abin da ta ce. In kana shakka tsakanin lamba biyu, ɗauki mai ƙarin haske. Fim nagatif yana jure ƙarin mataki ɗaya ko biyu, amma inuwar da ba ta samu haske ba babu mai wankin da zai dawo da ita.

Naɗinka na farko na gwaji ne. Nemi bango mai launi ɗaya a hasken da ba ya canjawa, wanda mita ta ba ka 1/125 da f/8, ka kafa ƙafa-uku, ka ɗauki shida a jere: 1/500 da f/4, 1/250 da f/5.6, 1/125 da f/8, 1/60 da f/11, 1/30 da f/16, 1/15 da f/22. Rubuta su a takarda. Ragowar ka ɗauki ma'aunin tela a shimfiɗe, ƙofa a buɗe, fokas a kan lamba ɗaya, don ka ga ko inda idonka ya saita nan fim ya gani. In an wanke, nagatif ɗin za ka duba a gaban taga, ba hoton da aka tura maka a waya ba, domin na'urar sikan tana gyara bambanci ta ɓoye shi. Shidan nan ya kamata duhunsu ya zo ɗaya. Sau da yawa na 1/500 ne ke fin saura duhu, alamar shota ta yi nauyi a can sama. In rabin mataki ne, rubuta a ɗan tef ka manna a bayan kyamara ka ci gaba da aiki. In ya kai mataki guda, ko tazarar da ke tsakanin hotuna tana hawa kan juna, kai ta wurin mai gyara kafin ka sa mata fim mai tsada.

Sa fim da cire shi a inuwa ake yi, ko ka juya wa rana baya. Da ka fito da naɗin, matse shi da yatsa ka liƙe takardarsa kafin ya saki, don naɗi mai sako-sako yana shan haske ta gefe. Lokacin hunturu kada ka canja gilashi ko gidan fim a fili iska na kaɗawa, kada kuma ka bar fim a mota. In a firji kake ajiye shi, fito da shi ya huce na awa ɗaya ko biyu kafin ka yage ledar.